Yadda ake ɗora janareta a tirelar zango, da yadda ake tsawaita mansa

A Amurka da Kanada da Ostireliya, tirelar zango ɗaki ne mai taya wanda mota ke ja, a cikinsa akwai gado da wurin girki da banɗaki da firji, sau da yawa har da na'urar sanyaya ɗaki a bisa rufi. A sansanonin da ake biya akwai turakun lantarki da mutum zai jona wayarsa ya huta. Amma masu shiga daji, irin waɗanda ke cika hamadar Arizona a kewayen garin Quartzsite duk lokacin sanyi, ko masu zama a filayen BLM, hukumar da ke kula da filayen gwamnatin tarayyar Amurka, inda galibi ake barin mutum ya yi kwana 14 a wuri ɗaya, ba su da wata wuta sai wadda suka zo da ita. Ƙaramin janareta ne madogararsu, kuma yana zuwa da matsaloli biyu: ina za a ɗauke shi a hanya, kuma yaya za a yi da tankinsa da ba ya kai wa gari ya waye idan kayan wuta sun yi masa yawa.

Kafin a taɓa ƙarfe ko tiyo, akwai abin da ya kamata ya zauna a ran mai tirela, domin duk sauran bayanin a kansa ya ginu. Wurin da ake ɗora janareta a jikin tirela wurin ɗauka ne kawai. Wurin kunna shi yana ƙasa, nesa da inda mutane ke kwana. Janaretan da kamfani ya gina a cikin tirela tun asali, irin na kamfanin Onan, an yi masa ɗaki mai rufe da bututun da ke kai hayaƙi waje, an kuma gwada shi a haka. Janareta na hannu ba a yi shi don wannan ba, kuma farantin ƙarfe da aka yi masa walda ba ya mayar da shi irin wancan.

Misalin da zan riƙa komawa gare shi shi ne Honda EU2200i, saboda shi ne ya fi yawa a hannun masu zango, kuma alƙalumansa sanannu ne. Ƙarfinsa na ƙoli wat 2,200 ne, wanda zai iya riƙewa na dogon lokaci kuwa wat 1,800. Nauyinsa kimanin kilo 21 ne, tankinsa lita 3.6, kuma kamfanin ya ce man yana kai awa 8.1 idan ana jan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa, amma awa 3.2 kacal idan an cika masa kaya. Na'urar sanyaya ɗaki ta BTU 13,500 (BTU ma'aunin ƙarfin sanyayawa ne), wadda ita ce aka fi sa wa a waɗannan tireloli, tana cinye mafi yawan ƙarfin wannan janareta ita kaɗai, kuma a lokacin tashinta tana fizgar wuta ninkin abin da take ci idan ta daidaita. Shi ya sa wasu ke sa mata na'urar sassauta tashi irin EasyStart, wasu kuma su haɗa janareta biyu da wayar da aka yi don haka. Wanda zai hau tsaunuka ya ƙara lissafa cewa injin fetur yana rasa kimanin kashi 3.5 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta tudu, saboda iska tana raguwa.

Zaɓen wuri a jikin tirela

Wurare biyu ne mutane suka fi tunani: wuyan tirela a gaba, wato ƙarafunan nan biyu da ke haɗewa su kama ƙugiyar mota, da kuma bambar baya. Bambar baya ta fi jan ido domin fili ne a buɗe, amma ita ce ta fi yaudara. A yawancin tirelolin Amurka, bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, faɗin inci 4, mai sirantar jiki, wanda babban aikinsa shi ne ajiye tiyon zubar da ruwan banɗaki. Ƙarshen tirela shi ne wurin da ya fi tsalle a hanya, don haka kilo 40 da aka ɗora a can yana dukan waldar da ƙarfin da ya ninka nauyinsa duk lokacin da taya ta faɗa rami. Waldar ba ta karyewa a rana ɗaya. Tsaguwa take yi a hankali a inda bamba ta haɗu da gangar jikin tirela, har ranar da za ta saki janareta a tsakiyar babbar hanya a gaban motar da ke biye.

Ko da an ƙarfafa bambar, akwai batun daidaiton nauyi. Ƙa'idar jan tirela ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya sauka a kan ƙugiyar mota. Tirela mai kilo 2,000 tana bukatar kilo 200 zuwa 300 a wuyanta. Tayoyin tirela kamar tsakiyar ma'auni suke: abin da aka ɗora a bayansu yana ɗaga gaba. Idan aka sa kaya mai kilo 60 a mita 2 bayan tayoyi, ƙugiya kuma tana mita 4 a gabansu, an rage wa wuyan kilo 30 ke nan. Tirelar da wuyanta ya yi sakayau tana fara lilo hagu da dama idan gudu ya ƙaru ko babbar mota ta wuce ta, kuma wannan lilon ne ke kifar da mota da tirela gaba ɗaya. Wanda ba shi da zaɓi sai baya, ya nemi gwanin walda ya kafa sababbin ƙarafa kai tsaye a jikin manyan ƙarafunan da ke ɗauke da tirelar, kada ya dogara da bambar, sannan ya je ma'aunin manyan motoci ya auna nauyin wuyan bayan an gama aiki da kaya a ciki.

A ganina wuyan tirela ya fi, in dai mota za ta iya ɗaukar ƙarin nauyin. Ƙarfen wurin mai kauri ne, tsalle kaɗan ne, kuma nauyi a gaba yana ƙara wa tirela natsuwa. Abin da ya cika wurin shi ne tukwanen gas da batir da jak, shi ya sa ake yin faranti mai ƙafafu huɗu da ke tsayawa a saman tukwanen. Kafin a saya ko a ƙera, a duba takardar da ke manne a ƙofar mota da rubutun da ke jikin ƙugiya don sanin iyakar nauyin da aka yarda, a kuma haɗa lissafin janareta da faranti da mai gaba ɗaya. Daga nan a yanka kwali daidai girman janaretan a ɗaure a wurin, a ja tirelar zuwa fili, a karya kwana har ƙarshe hagu da dama, a ga ko bayan mota zai taɓa shi, a kuma gwada buɗe ƙofar bayan motar. Mutane da dama sai bayan sun gama walda suke gane cewa ƙofar ba ta buɗuwa, ko kuma ba a iya cire tukunyar gas sai an kwance farantin.

Wajen kafa farantin, ɗaurin ƙarfe mai siffar U da ke rungumar ƙarfen wuya ya fi huda rami ko walda, domin rami yana raunana ƙarfe a daidai wurin da ya fi shan wahala, kuma wayoyin birki da na fitilu sukan bi ta cikin waɗannan ƙarafa. A yi amfani da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi, a sake ɗaure su bayan tafiyar farko. A shimfiɗa roba mai kauri a ƙarƙashin janaretan, a yi wa farantin baki mai ɗan tsayi ta kowane gefe don kada ya zame, a ɗaure shi da ɗamara biyu masu maƙulli. Igiyar roba mai miƙewa ba ta isa ba. Janaretan ya tsaya a tsaye yadda aka yi shi, a kashe makunnin mai, a kuma rufe ƙofar iskar da ke kan murfin tanki kafin a kama hanya. Game da sata, hannun ɗaukar waɗannan ƙananan janaretoci na roba ne, zarto na yanke shi cikin ɗan lokaci, don haka sarƙa da kwaɗo ba su da amfani sosai sai an rufe hannun da ƙarfen da ake sayarwa don haka, ko kuma an yi keji mai kullewa.

Inda ake kunna shi

Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi, har mutum ya wuce daga barci zuwa suma bai farka ba. Mai karatu a Najeriya ya sha jin labarin iyalan da aka wayi gari an same su a mace saboda an shigar da janareta baranda ko zaure don tsoron ɓarayi. Abin da ke faruwa a tirela ke nan, sai dai ɗakin ya fi ƙanƙanta. A watan Yulin 2021, a wani bikin kiɗa a jihar Mishigan, samari uku sun rasu a cikin tirelar zango, biyu kuma aka kai su asibiti cikin mawuyacin hali, kuma hukuma ta danganta abin da janaretan da ke aiki dab da tirelar. Ba a cikin ɗakin yake ba, a waje yake, amma kusancin ya isa.

Shawarar hukumomin lafiya na Amurka ita ce a nisanta janareta ƙafa 20, wato kimanin mita 6, daga ƙofa da taga da duk wata kafar iska, bakin salansa kuma ya kalli wani wajen. A lura da inda iska ke kaɗawa, a kuma tuna da maƙwabci, domin hayaƙin da aka kawar daga tagar mutum yana iya shiga tantin wani. Kada a tura shi ƙarƙashin tirela don gudun ruwan sama, akwai ƙaramar rumfa da ake yi masa mai buɗaɗɗen gefe. Sababbin janaretoci suna da na'urar da ke kashe su idan iskar ta taru a kewayensu, amma abin da ke kusa da injin take aunawa, ba ta san abin da ke cikin ɗakin kwana ba. Saboda haka dole a sami na'urar gargaɗi a cikin tirelar, a danna maɓallin gwajinta kafin kowace tafiya, a kuma duba ranar ƙarewarta da ke rubuce a baya, domin tana tsufa ta daina ji.

Nisan mita 6 yana bukatar waya mai kauri. Yawancin ƙananan tirelolin Amurka suna da fulogi na amfiya 30 a kan bolt 120, kuma wayar da ta dace da shi ita ce mai lamba 10 a ma'aunin can. Siririyar waya tana zafi tana kuma rage ƙarfin wutar da ke isa na'urar sanyaya ɗaki, abin da ke gajiyar da injinta. Idan tirelar na da akwatin kariya daga lalatacciyar wuta, yana iya ƙin karɓar wutar ƙaramin janareta saboda bai ga an haɗa wayar dawowa da wayar ƙasa ba. Maganin wannan matsala shi ne wani ɗan fulogi da ake sokawa a ɗaya daga cikin soket ɗin janaretan, wanda ke haɗa wayoyin biyu. A gandun dajin gwamnatin Amurka kuma akwai dokar ƙara: bai halatta injin ya wuce desibel 60 a nisan ƙafa 50 ba, sansanoni da yawa suna hana kunna shi daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, kuma ana bukatar salansa mai ragar tare tartsatsi saboda gobarar daji.

Tsawaita mai da tankin waje

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a jona janaretan da tankin roba irin na jirgin ruwa mai inji, wanda ke ɗaukar galan 6 na Amurka, kimanin lita 23. Abin da ya sa wannan ke aiki a EU2200i shi ne yana da ɗan famfon mai a cikinsa. Ana cire murfin tankinsa na asali a sa wani wanda ba ya shigar da iska ko kaɗan, mai bakin da tiyo ke shiga. Yayin da famfon ke jan mai zuwa kafireto, gurbin da man ya bari a tankin ba shi da inda zai samu iska, sai ya tsotso mai daga tankin waje ta cikin tiyon. Haka tankin ciki zai ci gaba da zama cike har na waje ya ƙare. Idan aka haɗa lita 23 da lita 3.6, lissafi ya nuna za a samu kusan awa 23 da cikakken kaya, ko abin da ya kusa awa 60 da kaya marasa nauyi. Janaretan da ba shi da famfo, wanda mai ke gangarowa kafireto da nauyinsa kawai, bai cika yarda da wannan tsari ba, don haka a tabbatar da irin wanda ake da shi kafin a kashe kuɗi. A kuma sani cewa waɗannan murafe na wasu kamfanoni ne daban, kuma lalacewar da suka jawo ba lallai garanti ya ɗauke ta ba.

Ga yadda ake haɗawa. A samo tiyon da aka rubuta a jikinsa cewa na fetur ne, mai faɗin rami milimita 6 zuwa 8, domin farin tiyon ruwa yana ƙandarewa ya tsage idan ya sha fetur. A tsakiyarsa a sa ƙwallon roba na matsawa, kibiyar da ke jikinsa tana kallon janareta, a kuma ɗaure kowace mahaɗa da zoben ƙarfe. Da injin a kashe kuma a huce, a cika tankin janaretan sosai, domin yawan iska a cikinsa yana jinkirta tsotson. A ɗaura sabon murfin a tabbatar robar bakinsa ta zauna daidai, a buɗe ƙofar iskar tankin waje, a matsa ƙwallon har ya yi tauri, sannan a tayar. Gwajin farko a yi shi da rana, mutum yana zaune kusa, na awa biyu ko uku. Idan aka kashe aka buɗe murfin aka ga man ciki ya ragu na waje bai motsa ba, iska na shiga ta wani wuri, kuma kusan kullum robar murfin ce ko wata mahaɗa da ba ta ɗauru ba.

Matsayin tankin waje yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A ajiye shi a ƙasa ɗaya da janaretan, a gefen da ba salansa, da tazarar da tiyo ya bari. Idan ya fi janaretan tudu, mai zai riƙa gangarowa da kansa ko injin na aiki ko ba ya aiki, kuma ƙaramar kafa a murfi ta isa ta jiƙa injin mai zafi da fetur. Idan ya yi ƙasa da yawa, famfon ba zai iya jawowa ba. Akwai kuma wani abu da ya shafi tankunan da ake sayarwa a Amurka tun 2011: dokar hukumar kare muhalli ta sa an yi musu murfin da ke shigar da iska amma ba ya fitar da tururi sai matsin ya kai wani mataki. Tankin da ya sha rana yana kumbura, matsin kuma ya tura mai ta tiyo da ƙarfi. Don haka a ajiye shi a inuwa, a sassauta murfin a saki matsin kafin a jona tiyo, a kuma sa bawul ɗin da ke hana mai wucewa sai injin ya ja, wanda masu kayan jiragen ruwa ke sayarwa.

Lita 23 ta fetur tana da nauyin kilo 17, kuma tururinta ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana taruwa a lungu. Tirelar zango tana da harshen wuta a wurare da dama da ido bai cika gani ba, kamar bayan firji mai aiki da gas da tukunyar dumama ruwa, don haka ba a ajiye fetur a cikin ɗaki ko a akwatunan kaya na gefe. Wurinsa waje ne, a ɗaure, a rufe. A gidan mai a sauke tankin ƙasa kafin a zuba, saboda tartsatsin da gogayyar roba ke haifarwa, kada kuma a cika shi har baki, a bar wa mai wurin kumbura. Kafin a kama hanya a cire tiyon a mayar wa janaretan murfinsa na asali.

Wanda bai riga ya sayi janareta ba, ina ganin ya dubi mai cin fetur da gas, irin waɗanda Champion da wasu kamfanoni ke yi. Tirela ta riga ta zo da tukwanen gas biyu a wuyanta, kowace kilo 9 ko 13.6, kuma ƙarfin da ke cikin tukunya mai kilo 9 ya yi daidai da na fetur kimanin lita 13. Gas ba ya lalacewa da ajiya, ba ya toshe kafireto, ba ya zuba a hannu. Abin da ake rasawa shi ne kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin injin, kuma gas ɗin da janareta ya ƙone shi ne na girki da na dumama ɗaki. Idan za a ɗebo daga bakin gas da ke gefen tirela, a tuna cewa an riga an rage matsinsa sau ɗaya, don haka tiyon janareta mai nasa maragin matsi ba zai samu isasshen gas ba, sai an samo tiyon da aka yi don wannan haɗi. Wannan aiki ne na mai sana'ar gas, kuma bayan ya gama a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a duba kumfa. Hayaƙin gas ma yana da kabon monoksaid, nisan mita 6 bai canja ba.

Injin da a da yake tsayawa duk bayan 'yan awoyi, yanzu zai iya yin kwana biyu bai huta ba, alhali baƙin man da ke cikin EU2200i bai kai rabin lita ba. Tsayawar ƙara fetur ita ce lokacin da mutum kan duba baƙin mai, kuma tankin waje ya kawar da ita. Saboda haka a kashe injin sau ɗaya a kowace rana, a bar shi ya huce, a duba baƙin man a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a shafa tiyo da mahaɗai a ji ko akwai danshi. Sabon inji ana canja masa baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk awa 100, wanda da tankin waje kwana huɗu ne da 'yan awoyi idan ba a kashewa. Idan an dawo gida, a juya makunnin zuwa matsayin da ke rufe mai ya bar injin yana aiki har kafireto ya bushe, a juye sauran fetur ɗin tankin waje a mota, domin fetur mai gaurayen etanol da ake sayarwa a Amurka yana jan danshi kuma yana fara lalacewa cikin 'yan watanni, sannan a rataye tiyon a inuwa bakinsa biyu a toshe.